Hantsin Da Na Ƙwace Wa Surukuwata

Ni ne da laifi. Na faɗa tun a farko don kada mai karatu ya tsaya nema mini uzuri, ya ce ai tsufa ne, ko ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma na san abin da na yi, kuma ido biyu na yi shi. Ban zagi kowa ba, ban ɗaga wa kowa murya ba. Wanda ya leƙo gidana a lokacin, abin da zai gani shi ne magidanci zaune a kan kujerarsa yana shan shayi. Da wannan zaman na gurgunta uwar matata.

Kayan moto, wato babur, nake sayarwa a Madawa, butik ɗina yana bakin kwalta. Lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, iyakata in karanta sunan kaya a jikin kwali. Matata ƴar Tama ce, kuma ita ce ƴar fari a wurin uwarta. Kowa ya san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Tsohuwar ba ta faɗin sunan ɗiyarta, balle nawa. Ba ta cin abinci inda nake, ba ta zama inda nake zaune. In na je Tama, daga bayan darni nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa daga cikin ɗaki. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa kallon fuskarta sosai ba.

Wata shekara bayan girbi ta zame a bakin rijiyar garka, ƙashin cinyarta ya karye daga sama, kusa da ƙugu. Mai ɗori ya gwada, bai kamu ba. Muka kai ta asibitin mishan da ke yamma da mu, aka yi mata aiki, aka sa mata ƙarfe. Matata ce ke kwana da ita. Ni kuwa, tunda suruki ba ya shiga ya tsaya a kan surukuwarsa tana kwance, sai in gaisa ta taga in koma gefe. Don haka na samu lokacin yawo.

A cikin ma'aikatan jinya akwai wani Kirista da ke sayen kayan moto a wurina. Ya gan ni ina gantali a gindin itace, ya ja ni gidansa in sha ruwa. A barandarsa muka zauna. An rufe ta da ragar sauro, haske na shigowa ta ko'ina, ga kujerun ƙarfe masu saƙar zare, ga ɗan tebur. Kayan duk sun tsufa, zaren ya tsittsinke, ƙarfen ya yi tsatsa, amma zaman wurin ya shiga raina. Ya ce zai koma Maradi da aiki, kuma ba zai ɗauki tarkace ba. Ni kuma da ma akwai abin da ke cina. Wani abokina da ya yi bida, wato neman kuɗi, a Abijan ya dawo ya shirya salo, ɗakin saukar baƙi, da kushin sababbi, can muke taruwa, ni kuwa baƙona a tabarmar ƙofar gida nake sauke shi. Kafin in sha rabin ruwan mun gama ciniki. Uwar matata tana can tana amai saboda maganin barci, ni ina nan ina jijjiga ƙafar tebur in ji ko za ta gyaru.

Ranar da aka sallame ta, motar da na ɗauko don ita, ita na loda wa kayan. Kujerun suka ƙi hawa sama duka, aka cusa biyu a baya inda aka shimfiɗa mata katifa.

Matata ta ce, "Mai gida, ƙahwar Inna hwa? Ba ta samu wurin miƙewa ba."

Na ce, "Tahiyar ba nisa."

Duk ramin da muka faɗa ina jin ƙarfe na bugun ƙarfe a baya. Ina juyawa in duba, amma ba ita nake dubawa ba.

An ce ta zauna a gidana saboda mun fi Tama kusa da asibiti, kuma za a riƙa komawa ana duba ta. Likita ya yi wa matata bayani a gabana. Dole tsohuwar ta riƙa tashi kullum, ta dafa bango ta taka ko kaɗan ne. In ta kwanta ta daɗe, gaɓar za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Na ji da kunnena. Ga shi ɗari ya shigo, ƙarfen da ke jikinta yana ɗaukar sanyi. Da safe ƙafar kamar itace take, ba ta motsuwa sai rana ta gasa ta an shafa man kaɗanya an murza.

Tsakar gidana ƙunci gare ta. Katangar maƙwabci doguwa ce, ga dogon yaro ya rufe sauran. Rana ba ta sauka ƙasa sai wajen azahar, ta leƙo ta wuce. Wuri ɗaya ne hantsi ke shiga, wata baranda da ke kallon gabas, inda katanga ta yi ƙasa. Tsofaffin tayu da jarkokin mai nake zubawa a ciki. Ɗakin da muka ba tsohuwar yana bayanta, kusa da madafa, rana ba ta san da shi ba. Matata ta share kusurwa ɗaya a barandar. In na fita butik sai ta tallabo uwarta ta kawo ta nan. Da yamma ta ce mini, "Yau Inna ta taka daga wanga bango zuwa wancan." In ce madalla, hankalina yana kan kujeru.

Gaskiya na ji daɗin wannan aiki, ba zan ɓoye ba. Da burushin ƙarfe da kananzir na kankare tsatsar har ƙarfen ya fito fari. Mai walda ya liƙe mini ƙafar da ta tsage. Na samu ragowar fenti shuɗi a wurin mai fentin motoci, na shafa na bari ya bushe na sake shafawa. Saƙar ce ta ba ni wuya. Kujera ɗaya na warware a hankali ina kallon yadda zaren ya bi, sama, ƙasa, ya zagaya ƙarfe ya dawo. Na sayo zaren roba fari da kore a kasuwa. Ta farko ta karkace, na kwance. Zaren ya yanka mini yatsu har na riƙa naɗa musu tsumma. Teburin gara ta ci samansa, sai na ɓalle allon na juya shi, na cike ramukan da garin katako da gam, na goge na shafa warni har ina ganin inuwar fuskata. Akwai wata ƴar kabad da murfinta ɗaya ya ɓata, na cire ɗayan ma, ta zama wurin jera kayan shayi. Tsohuwar katifa na yayyanka na yi matasai, na ɗauki zannuwan matata biyu na kai wa tela ya rufe su. Ban tambaye ta ba. A jikin matasai ta gan su.

Daga nan na juya kan barandar kanta. Na kwashe tayun. A wurin masu tsofaffin kaya na samu tagogin nako, masu faifan gilashi jere-jere, da aka ciro daga wani gini, gilasan ba iri ɗaya ba, wasu garau wasu dishi-dishi. Magini ya ɗaga rabin bango ya dasa su. Ƙasa kuma fasassun karo, wato tayil, na sayo a buhu, muka jera su cikin siminti gutsure-gutsure, kowane da launinsa. Bango na shafa masa fari. Duk tsawon aikin tsohuwar tana ɗaki. Matata ta ce mata ta yi haƙuri, in an gama wurin zai fi da daɗi. Kuma ta yi gaskiya. Da aka gama, gilashin ya tare iska, rana ta shigo ta zauna. Ana rawar ɗari a tsakar gida, ciki kuwa ɗumi kamar an rufa maka bargo. Duk Madawa ban san wurin da ya fi dacewa da wannan ƙafa ba.

Washegarin da na jera kayan, na fita, sai na tuna na bar makullin butik a kan teburin. Na dawo na ɗaga labule ba sallama, don ban zaci kowa ba. Tana ciki. Ba ta hau kujera ba, a ƙasa take kan tsohuwar tabarmarta, ta miƙe ƙafar a rana tana ƙyallin mai, ga ɗan gwangwanin da take tofa yawu a gefenta. Ɗakin da ya kwana yana ƙamshin warni ya koma warin man kaɗanya. A jikin farin bangon kuma ga sawun tafin hannu a jere, inda ta dafa ta taka.

Da ta ji motsina sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yunƙura za ta tashi ta ba ni wuri. Sandarta ta zame a kan karon. Ta dafa ƙasa, ta sake yunƙurawa. Ni ba halin in taɓa ta. Na koma baya na tsaya a waje, matata ta sheƙo daga madafa ta kama ta suka fita ta gabana, tana numfashi sama-sama. Ina tsaye ina kallon bangona. A nan dabarar ta zo mini, kuma ba Shaiɗan zan ɗora wa ba, don ban ji ya yi wata wahala ba.

Ba zan iya cewa kada ta shiga ba. Mutumin da ya kori surukuwarsa daga ɗaki, maganar za ta riga shi zuwa kasuwa. Ba zan sa kwaɗo ba, don wanda ya sa kwaɗo ya yi magana. Amma na ga da idona cewa inda nake ba ta zama. To sai in zauna.

Da yamma na shafe sawun hannun da fenti. Da safe, maimakon in fita, na hura gawayi na ɗora shayi na zauna a cikin kujerata. Na yi na fari, na yi na biyu, na yi na uku. Ban tashi ba sai da rana ta hau kan kwano, hasken ya janye daga ƙasa. Sannan na ɗauki makulli na fita. Washegari ma haka. Masu kabu-kabu suna kirana a salula suna neman kaya, ina ce musu ina tafe.

Matata ta jure kwana kaɗan, sannan ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mai gida, butik ɗin ya ƙone ne ba mu ji ba?"

"Mi kinka gani?"

"Na ga wanda ka hita tun da duhu ya koma ƙadangare, sai shanya."

"Gidana ne. Ko sai na nemi izini in zamna?"

"Wa ya ce ba gidanka ba ne? Kujeru naka, bango naka. Rana dai ba kai kas saƙa ta ba."

"Na hana wani? Ga wuri nan har ya yi yawa." Sai na ɗaga murya yadda za a ji a bayan bango. "A ce ma Inna ta taho ta sha hantsi! Ga kujera, ga matashi!"

Matata ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce a hankali, "Ka san ba ta zuwa."

Daga bayan bango muryar tsohuwar ta fito, siririya. "A ce mishi na gode. Allah shi ba da lada."

Na kurɓi shayina.

Na ɗauki hoton wurin na tura wa abokai, suka fara zuwa. Ɗan Abijan ya shigo ya tsaya yana juyi, ya shafa saƙar, ya buga teburin da yatsa.

"Kai, ɗan banza, daga Kwatanu kas sayo wagga?"

"Tsohon ƙarhe ne. Wanda kai za ka ba masu gwangwan."

"Rantse."

"Ga yatsuna nan ka gani."

"To wallahi ka bar moto ka koma kahinta. Kushin ɗina ya ci kuɗin saniya, bai kai wanga kyau ba."

Wannan magana na daɗe ina son ji. Wani a cikinsu ya tambayi mai jiki, na ce tana ciki tana hutawa. Suka ɗaga murya suka gaishe ta, ta amsa musu lafiya lau, da sauƙi, an gode. Suka ce Allah ya saka mini, ba kowa ke riƙe surukuwa haka ba. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya.

Da ciniki ya fara guduwa wurin maƙwabcina, dole na riƙa fita da wuri wasu ranaku. Sai na sake wata dabarar. Daga ƙofar ɗakinta tana iya hango dokin ƙofar barandar. Na ajiye takalmana na fata a wurin, na saki labule, na kunna rediyo, na sa silifa na lallaɓa na fita. Ranar farko matata ta kawo mini kunu ta tarar ba kowa. Da na dawo ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, tana tsaye, takalman suna inda na bar su.

Ta ce ta kwashe su ta kai wa uwarta ta ce, "Inna, tashi mu tahi, ba ya nan."

Tsohuwar ta dubi takalman ta ce, "Mai da su inda kinka ishe su. Mutum ya aje takalminshi ga ƙohwa, ai shina ciki."

"Inna, na duba. Ba kowa, rediyo ce."

"Ke kinka duba. Ni ban duba ba. Mai da."

Wato ta gane. Tun yaushe ta gane, ban sani ba. Matata ta faɗa mini don in ji kunya. Abin da na ji shi ne sauƙi. Na ce a raina tsohuwar nan mai hankali ce, ba za ta ba ni wahala ba. Daga ranar ko rediyon ban ƙara kunnawa ba, takalman sun isa.

Matata ta yi iyakar yinta. Ta kai mata garwashi a kasko, hayaƙin ya sa ta tari. Ta dafa ruwa tana gasa mata da tsumma, kafin a gama murzawa ƙafar ta huce. Ɗakin ƙarami ne, buhunan hatsi sun tare bango, ba inda za a dafa a taka. In na fito alwalar asuba ina jin nishinta, irin nishin wanda ke danne shi don kada a ji. Ni ma sai in yi kamar ban ji ba, mu taimaki juna.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, na ce aiki ya yi mini yawa, matata ta kai ta. Ma'aikacin da ke motsa gaɓoɓi ya kama ƙafar zai lanƙwasa, tsohuwar ta cusa mayafi a baki ta cije. Ya tambaye ta, "Inna, kina takawa kuwa?" Ta ce tana takawa. Ya dubi matata. Matata ta dubi ƙasa, don in ta buɗe baki mijinta za ta tona. Ya ce gaɓar ta fara kamewa, amma in aka dage kullum ana iya ceto wani abu.

Ta dawo ta faɗa mini duka, ba ta rage komai ba. A bakin ƙofar ta tsaya, don tun ranar takalman ba ta ƙara taka karon nan ba. Ba ta yi gatse ba a wannan karon. Roƙona ta yi.

"Don girman Allah, mai gida. Hantsi kawai. In ta gama ni ka wanke wurin, in goge bangon. Ba za ka ji warin komi ba."

Na ce, "Ki bari ɗari shi wuce. Zahi na nan tahe, rana za ta ishi kowa."

Da safe na hura gawayi na zauna.

Wannan safiyar ce ba ni da abin cewa a kanta. Kafin ita ina iya yaudarar kaina in ce ban san abin ya kai haka ba. Bayan ita na sani. Na sha tambayar kaina dalili, kuma abin da na samu ba shi da girma. Ban taɓa yin wani abu mai kyau da hannuna ba sai wannan ɗaki, kuma ina son duk wanda ya ɗaga labule ya gan shi yadda na tsara shi. Tsohuwa da tabarma da gwangwani ba sa cikin tsarin. Iyakarsa ke nan. Ba ta taɓa yi mini komai ba.

Ba a jima ba ta aika Tama a kira mata ɗanta, ƙanen matata. Shi abokin wasana ne, Patoro yake ce mini, wato ubangida. Ya zo ranar kasuwa a motar masu albasa, ya sauke mini buhun gero da kwandon tumatir na garkarsu. Na ja shi barandar. Ya faɗa cikin kujera ya miƙe ƙafafu.

"Patoro, ashe gwamna muka ba yayarmu ba mu sani ba! Wanga wuri ko sanyi ba ya shigowa. Inna ta more."

Na ce, "Sha shayi."

"Ni na rasa mi ya sa take son komawa. Na ce mata Tama mi za ki samu, ta ce kewar awakinta take."

A hannu ya ɗauko ta, don ko da sanda ba ta iya kai wa ƙofar gida. Sun wuce ta gaban gilashin, ba ta juya kai ba. Da aka kwantar da ita a mota ta ce wa matata, yadda kowa zai ji, "Ki ce ma mai gidanki na gode da riƙo. Ban rasa komi ba gidanshi." Ƙanen ya kama hannuna da hannu biyu ya ce na yi musu abin da ɗa ke yi. Na ce ba komai, ai wajibi ne. Motar na tashi na koma na kwashe takalmana daga bakin ƙofa, don aikinsu ya ƙare.

Zafi ya zo kamar yadda na yi alkawari. Ɗakin gilashin ya zama tanda, ba mai iya zama ciki bayan an karya kumallo. Zaren ya saki, warnin ya riƙa kama gindin kofi. Abokai suka koma salon ɗan Abijan mai fanka. Matata tana dafa mini abinci, tana wanke mini tufafi, tana gaishe ni safe da yamma, amma hira ta mutu tsakaninmu. Ba ta faɗa wa kowa a danginta ba. Labari yana zuwa daga Tama cewa tsohuwar ba ta tashi tsaye kuma. Na riƙa aika magani da sukari, ana aiko mini da godiya da albarka, ina karɓa.

Da ɗari ya zagayo, aka yi wa ƙanen matata haihuwa, muka tafi Tama suna. Bayan an yi fatiha an raba goro, na ce zan je bayan darni in gaida Inna kamar yadda na saba. Ya kama hannun rigata.

"Wane darni? Mutumin da ya yi jinyarta a gidanshi? Taho ciki, Patoro, kai ɗa ne yanzu."

Ya ja ni har tsakar gida. Mata sun cika wurin, wasu na daka, wasu na tuƙa tuwo. Matata na zaune a bakin ɗaki da jaririn a cinya. Tsohuwar tana gindin rumbu a kan tabarma, ta baje a rana. Ƙafar tana miƙe sambal kamar taɓarya, ta tsotse, ba ta kai rabin ɗayar ba. Idonta a rufe yake, fuskarta a sake. Ranar na fara ganin fuskar da kyau.

Na yi sallama. Ta buɗe ido, ta ja mayafi. Sai ta kafa tafukanta a ƙasa, ta ɗaga jikinta, ta ja baya. Ta sake kafawa, ta sake ja. Ƙafar na biye da ita tana share rairayi. Ɗaki ta nufa. Ba wanda ya yi mamaki, haka suka saba ganin tafiyarta. Wata mata ta sa ƙafa ta ture mata ƙwarya daga hanya ba tare da ta daina daka ba. Ƙanen yana dariya yana cewa, "Haba Inna, har yanzu kunya? Ai Patoro ne."

A gidanta take, a gindin rumbunta, kuma ina shigowa ta bar rana.

Na durƙusa a inda nake. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa yi mata magana kai tsaye ba sai gaisuwa, kullum sai dai a ce mata, a ce mini. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har masu daka suka tsaya.

Na ce, "Inna, don Allah ku tsaya inda kuke. Ni ka hita, yanzu ma. Amma ku ji wagga magana gaban ɗiyanku, don sun daɗe suna gode mani kan ƙarya. Likita ya ce ku taka kullum, ina wurin. Na san ba ku iya tashi sai kun sha hantsi, na san wuri guda ne rana ka shiga gidana. Da gangan niz zamna wurin, don na san ba ku shigowa in ina ciki. Ba mantuwa ba ce, ba rashin sani ba ne. Ɗiyarku ta roƙe ni don girman Allah, na ƙiya. Kujeru da henti nika tsaro. Kun rufa mani asiri, ni kuwa na kashe muku ƙahwa, kuma ba ni da abin da zan maida muku. Ku gahwarta mani, Inna. In ba ku iyawa, ba ku yi laihi ba."